Famfo, burtsatse ko garuwa: lissafin ruwa da masai ga mai gida a Kano

Duk wanda ya sayi fuloti a gefen Kano, ko ya gaji gida a cikin badala, ko yake neman haya, akwai tambaya guda da ya kamata ya amsa kafin ya shiga zancen fenti da tayil: ta ina ruwa zai shigo gidan nan, kuma ina ƙazantar gidan za ta tafi? Yawancinmu rabin farko kawai muke amsawa. Mutum zai zuba miliyoyi a haƙar rijiyar burtsatse, sannan ya bar wa magini ya tona ramin masai duk inda ya ga sarari, ko da taku goma ne tsakaninsu. A ganina lissafin guda ɗaya ne, kuma wanda ya raba shi biyu zai biya bambancin a kantin magani.

Kafin a kwatanta komai sai an samu ma'auni ɗaya, domin mai garuwa da jarka yake sayarwa, mai tanka da mota, hukumar ruwa da wata, mai burtsatse kuma yana ganin nasa kyauta ne. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata don sha da girki da 'yar tsabta, lita 50 kuma ita ce za ta ishe shi sha da girki da wanka da wanki ba tare da ƙunci ba. Gida mai mutum takwas ke nan yana buƙatar lita 400 a rana, jarka 16, ko lita 12,000 a wata. Farashin da zan yi amfani da su a ƙasa misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya. Kowa ya cire su ya sa na unguwarsu, don kuɗin jarka a Kurna ba lallai ya zo ɗaya da na Hotoro ba, na bazara kuma ba na damina ba ne.

Mu fara da garuwa, tun da ita ce ke riƙe da gidaje masu ɗimbin yawa a garin nan. A ce jarka naira 100 ce. Lita 1,000 ta kama naira 4,000. Gidanmu mai mutum takwas, in zai sayi jarka 16 kullum, zai kashe naira 48,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da dokar tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Babu leburan da zai iya wannan. Abin da ake yi shi ne a rage: a sayi jarka shida, lita 150, kowa ya tashi da ƙasa da lita 20. Ko a hakan naira 18,000 ta tafi a wata, kwatan albashin ke nan. Kuma wannan ragin ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba. Uwargida ce za ta yi ta dabara, ruwan ɗauraye kwano ya koma na shara, wankin yara ya jira gobe, wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi ya zama abin da ake ƙyashi. Wanda ya fi kowa rashi shi ke sayen ruwa mafi tsada a garin nan, kuma shi ke samun mafi ƙanƙanta.

Ba laifin 'yan garuwa nake gani ba. Mutumin da ke tura kura mai jarka goma ko fiye cikin rairayi da zafin Afrilu ya ci guminsa, kuma shi ma saya yake yi a wurin mai burtsatse, wanda shi kuma yake sayen man janareto. Shi ya sa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin jarka bai koma inda yake ba. Amfanin garuwa a fili yake: ba ka sa jari, ba ka gyaran komai, ranar da ba ka da kuɗi ka rage. Illarta bayan tsada ita ce ba ka san inda aka ɗebo ruwan ba, kuma jarkar da ba a wanke cikinta tana iya ɓata ruwan da ya fito da tsabtarsa. Ruwan leda kuwa ba a ma sa shi a wannan layi sai don sha: jaka ɗaya leda 20 ce, lita 10 ke nan, don haka in jaka naira 400 ce, lita 1,000 ta kama naira 40,000, ninki goma na garuwa.

Sai ruwan famfo, wanda matasa da yawa a sababbin unguwanni ba su taɓa ganin ya zubo ba. Kano ba baƙuwar famfo ba ce. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa daga Challawa zuwa cikin birni. Daga baya aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a farkon shekarun 1990, aka ƙara matatun Tamburawa da Watari; sabuwar matatar Tamburawa kaɗai an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana. Matsalar ita ce garin ya tsere wa bututun. An yanka filaye an gina dubban gidaje a wuraren da babban bututu bai je ba, inda ya je kuma wani ya tsufa ya ruɓe, wani aikin titi ya fasa shi. Matata kuwa ba ta aiki sai da wuta da alam da kulorin, kuma duk ranar da ɗayansu ya yanke, ruwa ya yanke.

Duk da haka, inda famfo yake zuwa, babu abin da ya kai shi sauƙi a kan kowace lita, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: inji ɗaya da bututu ɗaya suna yi wa dubban gidaje aiki, kuɗin ya rabu a kansu. Ruwa ne kuma da aka sa wa magani tun daga tushe. Amma inda ake biyan kuɗi tsayayye a wata ba tare da mita ba, sauƙin ya danganta da yawan zuwan ruwan. In yana zuwa sau uku a mako kana cika tanki, ka ci riba mai yawa. In sai a yi wata biyu ba a ga ɗigo ba takarda kuma tana zuwa, to iska kake saya. Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Bututun da ke yini babu ruwa a ciki, in ya ratsa ta kwata kuma yana da tsaga, yana zuƙo ruwan kwatar, sai ya turo maka shi a farkon dawowar ruwa. Masu ɗaura injin zuƙo a kan layi suna ƙara tsananta wannan, ban da hana na ƙasa da su samu. Don haka ruwan farko a bar shi ya zube a shuka ko a wanke tsakar gida da shi.

Kada ka tambayi dillali ko famfo yana zuwa a layin. Tambayi matan gidaje uku ko huɗu, kuma ka tambaye su game da Maris da Afrilu da Mayu, ba Agusta ba. Ka kuma auna nisan ƙofarka da babban bututu, don kuɗin jawowa a kanka yake, kuma shi ne yakan fi kuɗin rajista nauyi.

'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun nuna cewa abin yana yiwuwa. A Nijar, tun gyaran da aka yi a 2001 aka raba aikin biyu, kamfanin gwamnati na SPEN yana riƙe da kadarori da sababbin ayyuka, wani kamfanin yana rarraba ruwa da karɓar kuɗi. Gida yana da mita, kuma lita 10,000 ta farko a wata tana da farashi mai rangwame saboda talaka. Ba a ce sun gama da matsala ba. Damagaram, wadda ke zaune a kan dutse kamar Kano, ta daɗe tana shan wahalar ruwa, kuma daga nesa ake jawo mata shi. Amma mai gida a Yamai ko Maraɗi wanda bututu ya bi ta ƙofarsa ba ya dogon tunani, jawowa yake yi. Mita ba abokiyar gabar talaka ba ce, ita ce ke sa ya biya iya abin da ya sha.

Yanzu ga burtsatse, burin kowane mai gini. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ƙasan Kano dutse ne. Ruwan yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin, ba kamar yankunan rairayi na Haɗeja ko Barno ba inda ruwa ke shimfiɗe. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa mai ƙarfi, kai ka haƙa a bayan katangarsa ka tarar da ƙura. Wanda ya ƙi biyan kuɗin awon ƙasa na gano inda ruwa yake don ya rage kashewa, caca ya yi da kuɗin haƙar gaba ɗaya. Awon ma ba ya ba da tabbaci, yana rage haɗari ne kawai.

Kuɗin haƙa kuma somin-taɓi ne. Akwai bututun da ake zurawa a ramin, da tsakuwa, da injin turo ruwa, da waya, da tanki, da ƙarfen ɗora tanki, sannan abin da zai ba injin wuta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu ce duka sun tashi naira miliyan uku, mu raba a kan shekara goma: naira 25,000 a wata. Mu ƙara naira 10,000 na wuta ko mai da ajiyar gyara, don inji yana ƙonewa, musamman inda wuta ke rawa ko ruwa ya ja baya ya bar shi yana juyawa a bushe. Naira 35,000 ke nan a kan lita 12,000, wato kusan naira 2,900 kowace lita 1,000. Duba fa, bai yi wa garuwa nisan da ake zato ba. Abin da mai burtsatse ya saya shi ne kwanciyar hankali da yalwa, ba araha ba. Amma in gida biyar suka haɗu a kan rijiya ɗaya, ko da kuɗin wuta da gyara ya tashi zuwa naira 25,000, kowace lita 1,000 za ta faɗo ƙasa da naira 1,000. Wannan shi ne wurin da lissafi yake juyawa, kuma shi ne abin da muka fi gudu saboda tsoron rigima. Rigimar tana da magani: a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, a faɗi a filin wa rijiyar take, wa ke riƙe kuɗin gyara, me zai faru in wani ya sayar da gidansa. Akwai kuma dalilin da ya wuce kuɗi. Rijiya goma a layi ɗaya daga tsaga ɗaya suke sha, kuma kowace sabuwa tana jan ruwan tsofaffin ƙasa, har da rijiyoyin guga na waɗanda ba su da halin haƙa mai zurfi.

A kan wuta, in da hali sola ta fi. Tana da tsada ranar saye, amma ba ta buƙatar batir in dai tankin yana da girma, domin da rana za ta cika shi, da dare a sha. Janareto yana da sauƙin saye, yana kuma cin kuɗi kullum har ya mutu.

Rijiyar guga tana da arha, tana da amfani ga wanki da bayi, amma a cikin gari mai cunkoso ban yarda a sha ta ba sai an tafasa ko an sa magani. Da yawa zartsi gare su, da yawa kuma suna ƙafewa a bazara. Motar tanka ta mai gini ce da mai babban tankin ƙasa. Ruwan sama kuwa muna barinsa yana tafiya a banza: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana tara kusan lita 100 a kan kowane milimita ɗaya na ruwan da ya sauka. Indararo da tanki za su iya sauke wa gida kuɗin ruwan wanki na watannin damina.

To, ruwa ya shigo. Ina zai fita? A nan babu zaɓin jingina da hukuma, domin Kano ba ta da babban bututun kwashe ƙazanta da ya game gidajen jama'a. Irin wannan tsari a ƙasar nan sai wasu sassan Abuja, masu turawa matatar Wupa, da 'yan wurare ƙalilan. Kowane gida shi ke ajiye ƙazantarsa a ƙarƙashin ƙafarsa, a cikin ƙasar da yake ɗebo ruwan sha.

Salga ta gargajiya ita ce mafi sauƙin kuɗi kuma ba ta cin ruwa, sai dai wari da ƙuda da kyankyaso. Ana gyara yawancin wannan da abu kaɗan: daɓen siminti mai wankuwa, murfi, da bututun iska mai tsayi da aka rufe bakinsa da raga. Sama da ita akwai masai na tsuguno wanda ake kora wa ruwa da buta ko ƙaramin bokiti, ko dai mai lanƙwasar da ke riƙe ruwa, ko irin kwanon roba na SATO mai marfin da ke rufe kansa. Ruwa kaɗan yake ci, yana kuma toshe hanyar wari da ƙuda. Ga yawancin gidajen da ke sayen ruwa, ni wannan nake zaɓa musu.

Masai na zama mai tankin kora shi ne ake yi wa kallon ci gaba, kuma ga tsoho da mara lafiya da mai ciki yana da sauƙi na gaske. Amma a yi masa lissafi. Tsohon samfuri yana zubar da kusan lita tara a kora ɗaya, sabo kusan shida. Mutum takwas, kowa sau huɗu a rana, da tsohon samfuri lita 288 ke nan, kusan jarka 12, ninki biyu na duk abin da gidan mai jarka shida yake samu. Wanda ya sa irin wannan masai a gidan da ba famfo ba burtsatse, ƙarshenta da bokiti za a riƙa kora shi, ba ya koruwa da kyau, ya fi salgar da aka raina ƙazanta. Kuma duk ruwan nan rami yake tafiya, ramin ya cika da wuri, a kira mota.

Abin da muke kira sokawe ma kashi biyu ne, kuma bambancin yana da girma. Na ƙwarai ɗaki biyu ne da aka shafe ciki da ƙasansa da siminti, ƙazanta ta kwanta ta ruɓe a ciki, ruwan da ya tace ne kawai yake wucewa wani ramin daban ya tsotse. Wanda aka fi ginawa rami ɗaya ne mai buɗaɗɗen gindi, komai yana tsiyaya kai tsaye. Na biyun ya fi sauƙi, ya fi daɗewa bai cika ba, kuma dalilin rashin cikar tasa shi ne abin tsoron. Shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 kuwa, ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna, bai wuce mita 22 ba. Mai ƙafa 50 da 100 zai iya samun tazarar a cikin gidansa, amma bai da iko da ramin maƙwabcin da ke jingine da katangarsa. Tun da tazara ba ta samuwa, abin da ya rage shi ne ingancin gini: ramin masai shafaffe, wuyan burtsatse kuma a zuba masa siminti ya toshe mitocin farko don kada ruwan sama-sama ya bi jikin bututu ya gangara. Masu haƙa da yawa ba sa yin wannan sai an tsaya a kansu.

Kwasa ita ma kuɗi ce da ya kamata a ware mata tun farko. Motar zuƙa tana buƙatar hanya, kuma a lungunan cikin gari da yawa ba ta shiga, sai masu kwasa da hannu, waɗanda ke aikin da ya fi kowane haɗari ba tare da safar hannu ko takalmi ba. Ka tambayi mai kwasar ina zai kai. In amsar kududdufi ce ko kwatar bayan layi, ƙazantar ba ta bar unguwarku ba. Mafi muni shi ne masu buɗe ramin su sake shi cikin ruwan sama. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya bisa ƙidayar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ta wannan hanyar take bi. Inda akwai fili, rami biyu ya fi: a yi amfani da ɗaya, in ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan kamar shekara biyu abin da ke ciki ya bushe ya zama taki da za a kwashe ba tare da wannan haɗari ba.

Ga ɗan haya, kada ka kwatanta kuɗin haya kaɗai. Gidan da ya fi tsada da naira 100,000 a shekara amma yana da ruwa ya fi maka sauƙi a kan wanda za ka riƙa sayen jarka shida kullum, domin a misalinmu wannan ya haura naira 200,000. Ka leƙa bayin kafin ka biya, ka ƙirga ɗaki nawa ke amfani da shi, ka ji wa ke biyan kuɗin kwasa.

Ga mai gida a tsohuwar unguwa da famfo ke zuwa ko da jefi-jefi, kada ka yanke layin. Sayi tanki babba, gyara bututunka ya fita daga kwata, ka cike giɓin da garuwa. Kuɗin da za ka zuba a burtsatse a tsakiyar ramukan masai ya fi amfani a gyaran salgarka. Ga mai gini a sabuwar unguwa da bututu bai je ba, burtsatse ce, amma ta haɗin gwiwa in maƙwabta za su yarda, kuma a tsayar da wurinta da wurin sokawe a kan takarda kafin a haƙa harsashi. In kuɗi bai isa duka biyun ba, a fara da masai na ƙwarai a ci gaba da sayen ruwa, domin burtsatse tana jira, ramin da aka gina ba daidai ba kuwa sai an fasa ɗaki kafin a gyara shi. Ko daga ina ruwan ya fito, na sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin a jira rabin awa. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

In ka yanke shawarar haƙa, ka yi ta a ƙarshen rani, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi ja baya, don rijiyar da aka haƙa a Satumba tana iya ruɗin mai ita. Ku rubuta da mai haƙar abin da za a biya in ba a samu ruwa ba. Kada ka cika masa kuɗinsa sai an kunna inji ya yi awoyi yana zuba a gabanka ka ga ƙarfin bai ragu ba, sannan ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji, ka sake kaiwa bayan damina ta sauka.